Jakar Goyo a Kan Hanyar Logan: Yadda Maharban Nesa Suke Ɗaure Kayansu

A gasar harbin nesa da doguwar bindiga, irin wadda ake yi a dazuzzukan yammacin Amurka, maharbi shi ne ɗan dakon kansa. Bindiga da harsasai da ruwan sha da na'urorin awo duk a bayansa suke tafiya daga wannan tasha zuwa waccan, kuma in ya iso wurin harbi mintuna kaɗan ake yanka masa ya sauke kaya, ya nemo abin hari, ya auna nisansa, ya harba. Saboda haka jakar goyo tana cikin abubuwan da ke kawo maki ko su zubar da shi. Wadda ba ta zauna a baya ba takan kai mutum tasha yana haki, hannunsa na rawa. Wadda aka cusa wa kaya barkatai takan cinye masa lokacin da ya kamata ya yi saiti. Nisan hanya da tsawon lokacin da aka yanka su ne suke zaɓa wa maharbi jakarsa, su ne kuma suke nuna masa inda kowane abu zai zauna a cikinta.

Gasar ba iri ɗaya ba ce. Mafi shahara ita ce Precision Rifle Series, wadda aka fi sani da PRS, da aka kafa a 2012. Akan yi babbar gasarta cikin kwana biyu, da tashoshi kusan ashirin da harsashi wajen ɗari biyu, a ba mutum daƙiƙa casa'in ko minti biyu a kowace tasha, amma tafiyar da ke tsakanin tashoshin gajeriya ce. Akwai NRL Hunter, wadda take kwaikwayon farauta: maharbi ba ya ganin abin harinsa sai lokaci ya fara, ana ba shi minti huɗu, an kuma ƙayyade nauyin bindiga, kilo bakwai da ɗan ɗoriya a rukunin masu nauyi, kilo biyar da rabi a rukunin marasa nauyi. Sannan akwai gasar da ƙafa ce take fara shan aiki kafin yatsa. A cikin waɗannan, Steel Safari tana cikin waɗanda suka fi daɗewa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake yin ta a wani makeken fili mai suna Blue Steel Ranch, kusa da garin Logan a jihar New Mexico, cikin watan Yuni. Kwana uku ake yi, kowace rana da hanyarta ta kimanin kilomita biyar a cikin duwatsu da kwazazzabai. Tafiya zuwa wannan gasa tana nuna kusan duk abin da ake buƙatar sani game da jakar maharbi.

Zaɓen jaka tun daga gida

Maharbin da ya san aikinsa yakan fara baje kayansa a ƙasa kafin ya je sayen jaka, domin kayan ne za su faɗi girman da ake so. Ana auna cikin jaka da lita. Wadda za a yi yini da ita, a dawo masauki da yamma, takan kama daga lita 25 zuwa 40. Wadda za a kwana da ita a daji, da tanti da bargo da abinci, sai ta kai lita 60 ko fiye. Babbar jaka a gasar yini tana da illa: wurin da ya rage fanko yakan ja mutum ya cika shi da abin da ba zai taɓa amfani da shi ba, ƙananan kaya kuma su riƙa nutsewa can ƙasa.

Bayan girma sai zama a jiki. Ba tsawon mutum ake dubawa ba, tsawon bayansa ake aunawa, daga ƙashin da ya fito a gindin wuya zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Jaka ta gari tana da firam a ciki, na alminiyam ko na kabon, da ɗamara mai kauri da ke zama a kan ƙashin ƙugu. Aikin firam shi ne ya sauko da nauyi daga kafaɗa zuwa ƙugu, yadda cinyoyi za su ɗauki mafi yawansa. Wannan ya fi damun maharbi fiye da sauran matafiya, domin kafaɗar da maɗauri ya danne tsawon sa'a guda ita ce za a ɗora wa gindin bindiga, hannun da ya yi tsami kuma shi ne zai taɓa kunama. Akwai wasu gajerun maɗaurai biyu a saman kafaɗa da ke jawo kan jakar ya manne da baya, da wani ƙarami da ke gicciye a ƙirji. Ana gwada jaka ne da nauyi a ciki, kamar kilo goma sha biyar, a yi hawa da sauka da ita. Fanko kam kowace jaka daɗin goyo gare ta.

Yadin da aka fi ɗinka irin waɗannan jakunkuna da shi nailan ne mai suna Cordura, mai lamba 500 ko 1000. Mai lamba 1000 ya fi jure gogar dutse amma ya fi nauyi, har wata jakar takan kai kilo uku babu komai a cikinta. Zif ma abin dubawa ne, domin shi ne yake fara mutuwa a wuri mai ƙura. Sai yadda jakar take buɗewa. Mai baki ɗaya a sama ba ta dace da gasa ba, don sai an fitar da na sama kafin a kai ga na ƙasa. Maharba sun fi son wadda gabanta duka yake wangalewa, a ga komai da kallo ɗaya. Kamfanin Mystery Ranch na garin Bozeman a jihar Montana ya yi suna da jaka mai zif uku da suka haɗu a tsakiya, wadda fizga ɗaya take buɗe ta daga sama har ƙasa.

Babbar tambaya ita ce inda bindiga za ta zauna. Hanya uku ake bi. Wasu suna rataya ta a kafaɗa da maɗaurinta, abin da ya fi saurin kai hannu amma yake karkatar da mutum gefe guda. Wasu suna ɗaure ta a gefen jaka ko a bayanta, gindinta a cikin wani aljihu. Wasu kuma suna sayen jaka mai kube, wato dogon aljihu da aka ɗinka tsakanin jakar da bayan mai goyo, inda ake zura bindiga a zaro ta ta saman kafaɗa. Kamfanin Eberlestock na garin Boise a jihar Idaho shi ya shahara da wannan ɗinki. Wanda ya kafa shi, Glen Eberle, ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na hunturu a Sarajevo a 1984, a wasan da ake gudu kan ƙanƙara da bindiga goye a baya. Kube yana sakin hannuwa biyu don hawan dutse, yana kuma kare madubin saiti daga bugu. Aibinsa shi ne bindigar gasa ta zamani, mai ƙaton madubi da ƙafafu biyu a gaba da ƙarafan ƙarin nauyi a gefe, ba kowane kube take shiga ba, kuma ƙasansa yakan daki dutse in ana gangara. Dole a gwada da ainihin bindigar da za a je da ita.

Filin jirgi

Wanda zai zo daga nesa yakan sauka a Amarillo ta jihar Texas ko a Albuquerque ta New Mexico. Dokar jiragen Amurka ta raba kayan maharbi gida biyu tun kafin ya bar gari. Bindiga tana tafiya ba harsashi a cikinta, a akwati mai tauri da aka kulle, makulli a hannun mai ita, kuma sai ya sanar da ma'aikatan jirgi a wurin awon kaya. Harsasai suna tafiya a cikin kwalayensu ko akwatunan da aka yi dominsu, a kayan da ake sa wa a cikin jirgi daga ƙasa, kuma yawancin kamfanonin jirage ba sa yarda su wuce kilo biyar. Harsashin 6.5 Creedmoor ɗaya yana da nauyin giram ashirin da 'yan kai, saboda haka ɗari biyu sun kusa cika wannan iyaka. Gidan harsashi da sakatar bindiga su ma ba sa shiga ɗakin fasinja. Baƙon da ya zo daga wata ƙasa kuwa sai ya riga ya karɓi takardar izinin shigo da makami daga hukumar ATF.

Jakar goyo ita ce takan shiga ɗakin fasinja, ɗauke da abubuwan da ba a so a wurgar: tabarau mai hangen nesa, na'urar auna iska, littafin lissafi, da batura, waɗanda doka ma ta ce a hannu ake riƙe na ajiya in na litiyam ne. Kafin a kai ta wurin bincike sai an zazzage kowane aljihu. Harsashi ɗaya da ya maƙale a lungun ɗinki tun gasar da ta wuce ya isa ya jawo tara mai yawa da rasa jirgi.

Hanyar Logan

Daga Amarillo ana bin babbar hanya mai lamba 40 zuwa yamma, tafiyar kilomita kusan 180 zuwa Tucumcari. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba itace, sai garken shanu da injinan iska masu samar da lantarki. Da an ƙetare iyakar New Mexico agogo yakan koma baya da sa'a ɗaya, abin lura ga wanda aka ce ya hallara da asuba. Kafin iyakar ne hanyar take gangarowa daga faffaɗan tudun da ake kira Llano Estacado, ƙasa ta fara ja, duwatsu masu shafaffen kai su fara bayyana. Tucumcari tsohon zango ne a kan hanyar nan mai lamba 66, kuma nan ne wurin ƙarshe da ake samun manyan kantuna. A nan maharba suke sayen katan-katan na ruwa, da batura, da man kariya daga rana, da filasta. Daga nan sai a kama hanya mai lamba 54 zuwa arewa maso gabas, kilomita wajen arba'in, a haye kogin Canadian a shiga Logan, ƙaramin gari mai mutum kimanin dubu ɗaya a gefen tafkin Ute, wanda aka samu bayan datse kogin a 1963.

Yankin ya haura mita dubu ɗaya a kan teku. A watan Yuni zafin rana yakan wuce digiri 35, iska busasshiya ce, ba ta kuma cika kwanciya ba. Tsayin wuri da zafi suna sa iska ta yi shara-shara, sai harsashi ya rage faɗuwa idan aka kwatanta da yadda yake yi a bakin teku. Wanda ya zo daga bakin teku da lissafin garinsu zai riƙa harbi sama da abin hari. Shi ya sa akan ware ranar da ta gabaci gasa don duba saiti da sake rubuta lissafi.

Shirin dare

Kayan sammako da maraice akan ɗaure su. A ɗakin masauki maharbi yakan raba kayansa gida uku bisa yawan kai musu hannu: na kowace tasha, na sau biyu ko uku a yini, da waɗanda ake fatan ba za a taɓa su ba.

Na ukun su ne suke fara shiga, su kwanta a ƙasa. Akwai rigar ruwa mara nauyi, domin hadarin yamma yakan taso ba sallama. Akwai 'yar jakar gyara mai ɗauke da maɓallan da suka dace da kowace kusa ta bindigar da madubinta, da maɗaurin kusa mai awo, da sandar share bututu mai gaɓa-gaɓa wadda ake turo kwanson da ya maƙale da ita, da ɗan mai, da tsumma, da baturan ajiya. Wasu sukan ƙara da allurar sakata ta ajiya. Waɗannan duka ana sa su a 'yan jakunkuna masu launi daban-daban, kowace da aikinta.

A tsakiya, manne da ƙashin baya, nan ne wurin abu mai nauyi. Salkar ruwa ta roba mai cin lita uku tana da aljihunta a jikin firam, da tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa. Harsasan yini suna gabanta, a akwatin roba mai rami-rami ko a jakar yadi mai madauki ga kowane harsashi, don kada su yi ta gogar juna. Dalilin ajiye nauyi kusa da baya shi ne in ya yi nesa yakan ja mutum baya, sai ya riƙa sunkuyawa don ya rama, ƙugu da wuya su gaji. Cusa harsasai a tsakiya yana kuma raba su da rana. Albarushin da ya yi zafi yana ƙara wa harsashi gudu, kuma bambanci kaɗan a gudu yakan zama kuskure babba a nesa.

Kayan kowace tasha suna sama da waje. Tabarau mai hangen nesa, wanda yawanci yanzu an haɗa shi da na'urar auna nisa ta leza, yana rataye a ƙirji cikin jakarsa. Na'urar auna iska, wadda kowa yake kira Kestrel, tana aljihun ɗamara. Gidajen harsashi biyu suna ƙugu. Katin lissafi, wanda ke nuna yawan juyin da za a yi wa madubi a kowane nisa, yana ɗaure a damtse ko a gefen bindiga, da alƙalamin da ke rubutu a kan roba. Abin toshe kunne yana wuya. Sandar ɗora bindiga mai ƙafa uku tana gefen jaka, ƙafafunta a aljihun gora, maɗauri ɗaya tak ya riƙe ta a sama don a kwance ta da hannu guda. Matashin da ake ɗora bindiga a kai idan za a harba daga kan dutse yana rataye a ƙugiya a waje. A gasar PRS akan cika shi da yashi mai nauyi har ya kai kilo uku ko huɗu, domin nauyi yana kwantar da bindiga. A gasar tafiya akan zazzage yashin a zuba 'yan ƙwayoyin roba, ya dawo bai kai kilo ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ya karya wannan tsari, shi ne kayan taimakon gaggawa. Ko da yake ana fatan ba za a taɓa su ba, wurinsu aljihun waje ne mai alama, inda wani ma zai iya samunsu ba tare da tambaya ba: maɗaurin tsai da jini, bandeji, da almakashi.

In an gama sai a ɗora komai a sikeli. Bindigar gasar tafiya takan kai kilo shida zuwa takwas, mai ƙafa uku kilo biyu, tabarau kilo ɗaya, ruwa kilo uku, harsasan yini kilo ɗaya da rabi, jakar kanta kilo biyu zuwa uku. Da matashi da abinci da kayan gyara, jimla takan tasar wa kilo ashirin. Daga nan ake fara ragi, kowane abu a tambayi dalilin zuwansa.

A kan hanya da kuma a tasha

Ana sakin maharba ɗaya bayan ɗaya tun da sanyin safiya, da tazarar 'yan mintuna a tsakaninsu. Hanyar tana bi ta bakin kwazazzabai na jan dutse, tsakanin gajerun itatuwan juniper da mesquite da wani tsiro mai suna cholla, wanda ƙayarsa take kama wando da takalmi da duk maɗaurin da ke reto. Shi ya sa ake naɗe ragowar kowane maɗauri a ɗaure shi da roba. Akwai macizai masu kacau-kacau a wutsiya da suke fakewa a inuwar dutse, don haka akan duba wuri kafin a ajiye jaka, a kuma sake dubawa kafin a ɗauka. Bindiga tana tafiya ba harsashi, sakatarta a buɗe.

Kafin kowace tasha akwai wurin jira inda ba a hango filin harbi. A nan ake yin ƙaramin shiri: a sha ruwa, a ɗura harsashi a gidansa, a duba iska, a tabbatar madubi ya koma kan sifiri, a sassauta maɗaurin ƙirji. Tsarin Steel Safari shi ne wanda ya gama harbi shi yake tsayawa ya yi wa na bayansa alƙalanci, ya riƙe masa agogo da takardar maki, sannan ya wuce gaba.

A tashar, alƙali yakan nuna wurin da za a tsaya da iyakar dama da hagu, ya danna agogo. Minti biyar ne. Farantai shida na ƙarfe suna warwatse a cikin kwazazzabo, ko kuwa uku da za a harba daga wurare biyu, kuma harsashi ɗaya ake ba kowane faranti. Ba a faɗa wa mutum inda suke ko nisansu. Maharbi yakan saki ɗamara, jakar ta zame ta kafaɗa ɗaya ta kwanta a gefensa da bakinta sama. Hannu ɗaya ya fizge maɗaurin mai ƙafa uku, ɗayan ya zaro tabarau. Ya ɗora tabarau a kan sandar ya fara sharar filin daga hagu zuwa dama. Ga faranti ɗaya a inuwar itace a yadi 340, ga wani a bakin dutse a yadi 515, fentinsa ya koɗe har ya saje da ƙasa. Duk wanda ya gani sai ya danna leza ya rubuta nisan a katin damtse, tare da alamar da zai gane wurin da ita. Minti biyu sun tafi. Sai ya sauke tabarau ya ɗora bindiga, ko ya jefa matashi a kan dutse ya jingina ta, ya juya madubi, ya dubi yadda ciyawa take kaɗawa a tsallaken kwari. A yadi 600, iskar gefe mai gudun mil goma a sa'a tana ture harsashi kimanin rabin mita, farantin kuwa bai kai faɗin haka ba. Kuskuren yadi 25 wajen auna nisa ma ya isa ya sa harsashi ya bi ta sama ko ta ƙasa. In ya samu, ƙarar ƙarfe takan dawo bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu.

A cikin waɗannan mintuna ne amfanin tsari yake fitowa. Idon maharbi yana kan kwazazzabo, hannunsa ne kaɗai yake zuwa jaka, kamar yadda mai shayi yake kai hannu ga gwangwanin madara yana hira da masu zama a benci. Daƙiƙa ashirin da aka ɓata wajen lalube alƙalami faranti ɗaya ne ya tafi. Jakar kanta takan shiga aikin harbi. Idan ciyawa ta yi tsawo har ba a iya kwanciya, akan zauna a rungume ta a cinya ta tallafi gwiwar hannu, ko a tsayar da ita a ƙarƙashin gindin bindiga yayin da gabanta yake kan mai ƙafa uku. Jaka mai firam da aka cika tam ta fi mai laushi yin wannan aiki, wani dalili ke nan na zaɓen wadda girmanta ya yi daidai da kaya.

Da lokaci ya cika sai a cire gidan harsashi, a buɗe sakata, a tsince kwanson da aka harba a zuba a 'yar jakarsu, domin yawancin maharba da kansu suke sake ɗura su. Sannan kowane abu ya koma mazauninsa kafin a ɗaga ƙafa. Wanda ya ce bari ya cusa haka nan ya gyara a gaba, a tasha ta biyar zai tarar jakarsa ta hargitse, ko ya tuna ya bar na'urar iska a kan dutse kilomita ɗaya a baya.

Rana, ruwa da ƙura

Wajen hantsi rana takan fara aikinta. Kawalwalniya tana tashi daga ƙasa har faranti ya riƙa rawa a cikin madubi, ko da yake gwanaye suna karanta gudun iska daga yadda take kwarara. Jiki yana zubar da rabin lita zuwa lita guda na gumi a sa'a, kuma a busasshiyar iska mutum ba ya ganin gumin balle ya san ya yi asara. Ƙishirwa tana fara taɓa ido da lissafi kafin ta taɓa ƙafa: maharbi ya juya madubi zuwa nisan da ba shi ba, ko ya harbi faranti ɗaya sau biyu. Amfanin tiyo a kafaɗa shi ne ana kurɓa ana tafiya. Aibin salka kuwa ba a ganin abin da ya rage, tana kuma iya fashewa ta jiƙa harsasai, don haka akan ƙara da gora ɗaya a aljihun gefe, wadda ake zuba garin gishirin jiki a cikinta. Abinci ƙanana ne da ba sa narkewa, irin su gyaɗa da busasshen nama da busassun 'ya'yan itace, a aljihun ɗamara.

Ƙura tana shiga ko'ina. Tana sa sakata ta yi tauri, tana hana gidan harsashi turo na gaba, tana rufe gilashin madubi. Saboda haka akan rufe madubi da marfinsa a tsakanin tashoshi, a lulluɓe wurin sakata da ƙyalle, a ajiye ɗan burushi mai laushi a aljihun sama. Gilashi ana fara hure shi ne kafin a goge, in ba haka ba yashi ya karce shi. Safa ta canji da filasta su ma suna da wurinsu, domin bororon da ya fito a diddige ranar farko shi zai raka mutum har rana ta uku.

Da yamma, bayan an koma masauki, akan zazzage jakar gaba ɗaya. A kakkaɓe yashi, a share zif da burushi, a cika ruwa, a ƙirga harsasan gobe, a sa na'urori a caji. Abin da aka yini ba a taɓa ba, in ba kayan gaggawa ko na gyara ba ne, sai a bar shi a ɗaki. Yawancin jakunkuna sun fi sauƙi a rana ta uku fiye da ranar farko.

Wasu filayen, wasu jakunkunan

Jakar da ta yi aiki a Logan ba lalle ta dace da ko'ina ba. A filin K&M da ke garin Finger a jihar Tennessee, ɗaya daga cikin manyan filayen PRS, maharba suna tafiya rukuni-rukuni, tashoshin na kusa da juna, an kuma riga an faɗi nisan kowane faranti. Bindiga a can takan kai kilo goma, ana ɗauke da matasai biyu ko uku da harsashi ɗari na yini. Abin da ake nema shi ne jaka mai faɗin baki da ke tsayuwa da kanta a ƙasa, mai gindin da ba ya shan ruwa saboda laka, wasu ma a amalanke suke tura kayansu. A ɗaya gefen kuma akwai Mammoth Sniper Challenge, gasar mutum biyu-biyu da aka sha yi cikin watan Janairu a wani sansanin soja na jihar Georgia. Kwana uku ake yi, kowa na goye da abincinsa da makwancinsa, ana tafiyar kilomita masu yawa a kan lokacin da aka yanka, wanda ya makara kuma ya fita daga gasar. A can jakar farauta mai firam mai ƙarfi da cin lita 60 zuwa sama ita ce ta dace, abokan tafiya biyu kuma sukan raba kayan da ɗaya ya ishe su, irin su tanti da murhu da mai ƙafa uku. Wasan ya kuma fita daga Amurka. An yi gasar duniya ta farko a garin Bitche na Faransa a 2022, ta biyu kuma a filin Cameo na jihar Colorado a 2024, kuma mai zuwa irin wannan taro daga wata nahiya sai ya haɗa da iyakar kilo 23 da jirage suke sa wa kowane akwati a cikin lissafinsa.

Komawa gida

Ranar tashi daga Logan tsarin yakan juya. Bindiga ta koma akwatinta mai kulle, ragowar harsasai su koma kwalayensu, kwanson da aka tara ya shiga kayan ƙasan jirgi tare da wuƙa da kayan gyara. Ana zubar da ruwan salka, a juye jakar goyo a bi kowane aljihu da hannu kafin a kama hanyar Amarillo, wadda a wannan karon take cinye sa'a ɗaya a agogo. A gida akan wanke jakar da ruwa mai ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a shanya ta a inuwa domin rana tana cin nailan, a bar salka a buɗe ta bushe don kada ta yi funfuna. A duba ɗinkin maɗaurai da maɓallan roba, a canza wanda ya tsage, a cire batura daga na'urori. Maharba da yawa suna ajiye jerin kayansu a rubuce, da nauyin kowane abu, suna gyara shi bayan kowace gasa bisa abin da aka yi amfani da shi da abin da aka nema aka rasa.